Amsa ga mai tambaya kan darussan ƙari da tallafin yara a firamaren Katolika

Barka da ƙoƙari, 'yar'uwa. Kin ce za ki mayar da ɗanki mai shekara 8 wata makarantar firamare ta Katolika a Kaduna, kuma an miƙa miki takarda ɗauke da jerin abubuwan da ake yi ban da karatun aji, wato lesin na yamma, ajin taimakon karatu, koyon kwamfuta, kiɗa da ƙungiyoyin yara, kusan kowanne da kuɗinsa. Kina son sanin wanda ya cancanci ki biya, ganin cewa har yanzu yaron yana fama da haɗa baƙi, sannan a matsayinki na Musulma kina tunanin yadda lamarin addini zai kasance. Na koyar a irin wannan makaranta shekaru da dama, don haka zan faɗa miki abin da na gani.

Takardar da ke hannunki ta cakuɗa abubuwa biyu da ba aikinsu ɗaya ba. Akwai tallafi, wanda ake yi domin yaron da aka bari a baya ya kamo 'yan ajinsu, akwai kuma ƙari, wanda ake yi domin yaron da ya riga ya tsaya da ƙafarsa ya faɗaɗa basirarsa. Ɗanki tallafi yake bukata a yanzu, kuma idan kuɗin hannunki na abu ɗaya ne kawai, to ki zuba shi a ajin taimakon karatu. Daga aji huɗu zuwa sama darussa suna komawa kan abin da yaro zai karanta da kansa, har lissafi ma yakan zo cikin jimloli, saboda haka wanda bai iya karatu ba zai riƙa faɗuwa a fannonin da a zahiri yana da ƙwaƙwalwarsu, sai a yi ta ce masa daƙiƙi alhali matsalarsa guda ɗaya ce.

Sai dai ba kowane abin da aka kira ajin taimako ne yake taimako ba. Kafin ki biya, ki nemi ganin shugabar makarantar, wadda a wurare da yawa Sista ce, wato macen da ta keɓe rayuwarta domin hidimar coci, ki tambaye ta yara nawa ke zama a ajin, wane ne ke koyar da su, kuma ta yaya ake gane matakin da kowane yaro yake. Inda ake aikin da gaske, malama takan zauna da yaro shi kaɗai na 'yan mintoci, ta ba shi haruffa, sannan kalmomi, sannan gajeren labari, ta lura da daidai inda ya tsaya, daga nan a haɗa shi da waɗanda suka tsaya a wuri ɗaya da shi ko da ajinsu ya bambanta. Wannan ita ce dabarar da ƙungiyar Pratham ta Indiya ta yi suna da ita, an kuma gwada ta a makarantun gwamnati a jihar Borno. Ni a wurina rukunin da ya wuce yara goma ya daina zama tallafi. Makarantu da yawa suna amfani da tsarin Jolly Phonics wajen koyar da sautin haruffa, kuma tsarin yana da kyau, amma na sha ganin yara suna rera waƙoƙinsa tiryan-tiryan da motsin hannu, idan aka ajiye musu kalma mai harafi uku sai su yi shiru suna kallon malama. Ki roƙa a bar ki ki zauna a bayan aji sau ɗaya, ki ga ko ana sa kowane yaro ya karanta shi kaɗai, ko kuwa amshi kawai ake yi baki ɗaya.

Akwai abin da iyaye kan tsallake, kuma ya fi lesin araha. Ki kai yaron a duba masa ido da kunne tun kafin a koma makaranta, tunda a nan Kaduna akwai asibitin ido na ƙasa da kuma cibiyar kula da kunne ta ƙasa. Na taɓa samun wata yarinya da kullum take kwafe rubutu daga littafin maƙwabciyarta maimakon allo, har aka yi ta hukunta ta a kan satar amsa, ashe allon ne ba ta gani daga inda aka zaunar da ita. Da aka dawo da ita bencin gaba aka yi mata tabarau, cikin zango guda ta wuce rabin ajin. Haka nan idan yaro yana da sikila ko asma, a sanar da makaranta a rubuce, a kuma tambaya ko akwai ɗakin jinya da ma'aikaciyar lafiya, domin yaron da ciwo ke yawan hana shi zuwa yana bukatar a tsara yadda zai rama abin da ya wuce shi.

Lesin na yamma kuwa, ra'ayina a kansa ba shi da daɗin ji. Yawanci malamin ajin ne yake ci gaba da darasin safe ga yaran da suka riga suka gaji kuma suna jin yunwa, kuma amfaninsa ya fi fitowa a aji biyar da shida, lokacin da ake shirin jarrabawar shiga sakandare irin wadda NECO ke shiryawa domin kwalejojin gwamnatin tarayya. Ga ɗan shekara 8 da ke da Islamiyya bayan la'asar, ƙara masa awa biyu a benci zai cinye masa hutu da wasa ba tare da wata riba ba. Idan an ce lesin dole ne, ki tambaya ko za a iya musanya masa shi da ajin karatun.

A cikin abubuwan ƙari ki bar shi ya zaɓi guda ɗaya da ransa yake so, ko ƙwallo ne, ko zane, ko sikawut. Yaron da kullum ake gyara masa kuskure a aji yana bukatar wurin da shi ma za a tafa masa. Kwamfuta dai ki leƙa ɗakin ki ƙirga waɗanda ke aiki kafin ki yarda.

Game da addini, gara ki shiga da idonki a buɗe. Makarantar coci ce, ana buɗe taron safe da addu'ar Kirista, akan yi Mas, wato babbar ibadar Katolika, a wasu ranaku, kuma wasu ƙungiyoyin da ke cikin takardar, kamar ajin katikizim na shirin karɓar tarayya ta farko da ƙungiyar Holy Childhood, na yaran Katolika ne, ba su shafi ɗanki ba. Karɓar yaran da ba Katolika ba tsohon abu ne a Arewa, domin tun 1948 Sistocin St. Louis suka iso Kano, kuma gidajen Musulmi da dama sun yi karatu a hannunsu. Sashe na 38 na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana a tilasta wa ɗalibi darasi ko ibadar addinin da ba nasa ba ko wanda iyayensa ba su amince da shi ba, sai dai yadda ake aiwatar da hakan ya bambanta daga makaranta zuwa makaranta. Don haka ki tambaya ƙarara: ina yaran Musulmi ke zama lokacin Mas, akwai mai koyar da darasin addinin Musulunci, akwai wurin sallar azahar, kuma me dokar yunifom ta ce. Ki kuma nemi wata uwa Musulma da ɗanta ya daɗe a can ki ji ta bakinta, domin ita ce za ta gaya miki abin da ofis ba zai faɗa ba.

Batun kuɗi shi ne na ƙarshe. Tun bayan da gwamnati ta karɓe makarantun mishan a shekarun 1970, lokacin da St. John's ta Kaduna ta koma Kwalejin Rimi, Queen of Apostles kuma ta koma Kwalejin Sarauniya Amina, yawancin makarantun da cocin ya buɗe daga baya da kuɗin iyaye suke tafiya, shi ya sa kike ganin kowane abu da farashinsa. Duk da haka wasunsu suna da rangwame ga marayu da gidan da ke da yara fiye da ɗaya a makarantar, ko damar biya kashi-kashi, kuma ba kasafai ake rubuta wannan a takarda ba. Ki je ofishin Sista ko Fada, wato limamin coci, mai kula da makarantar tun kafin zango ya fara, ki yi bayanin halin da kike ciki, sannan ki nemi a rubuta miki duk abin da kuka daidaita a kai, har da ranar da za a sake auna karatun yaron a nuna miki sakamakon.