Ku Tambaya Mu Amsa: Wa Ya Je Can Ya Auno Nisan Taurarin Nan?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni direba ne a Jidda, ina ɗaukar kaya zuwa Madina, yawanci tafiyar dare nake. Yarona ɗan aji biyu na mutawassiɗ, wato ƙaramar sakandare, ya dawo makaranta yana ce min wai akwai wata majarra da haskenta sai yai shekara miliyan biyu da rabi kafin ya iso mana, nace kai rufe min baki. Dan Allah Malam wa ya je can ya auno? Ni dai abin bai shige ni ba.

AMSA: Wa'alaikumussalam Alhaji. Gaskiya ka ba yaron nan haƙuri, bai yi ƙarya ba. Majarra da Larabci, ko galaksi, tarin taurari ne biliyoyi a wuri guda, wasu a naɗe suke kamar gammo da hannuwa suna zagaye. Mu ma cikin irinta muke, ita ce Larabawa ke kira Darbut Tabbana, farin zanen nan da ke ratsa sama in ka fita daga hasken gari. Wadda yaronka ke nufi sunanta Andromeda.

Bari mu fara da haske. Yana gudun kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya, tsakanin Makka da Madina kuwa kusan kilomita 450 ne a jirgin ƙasan Haramain, kaga kenan cikin daƙiƙa ɗaya haske ya yi wannan tafiyar sau ɗari shida da wani abu. Jirgin nan in ya ware yana kilomita 300 a awa, da za a shimfiɗa mai hanya zuwa rana sai yai shekara 57 ba tsayawa, haske kuwa minti 8 da ɗan ɗoriya ya gama. To abin da yake ci a shekara guda, wajen kilomita tiriliyan tara da rabi, shi ake ce wa shekarar haske. Ma'aunin nisa ne ba na lokaci ba, nan mutane da yawa ke rikicewa.

Batun wa ya je, ba wanda ya je, kuma wallahi kai direba ka fi kowa sanin dabarar. In kana hanyar Hijira, babban titin nan na zuwa Madina, da tsakar dare ka hango fitilar tirela can gaba tana ɗan ƙyalli, ai ba sauka kake ka auna da tef ba, ka san ƙarfin fitilar tirela in tana kusa har ido take kashewa, don haka da ka ganta dishi-dishi ka san da sauran tafiya. Matsalar masana ita ce taurari ba ƙarfinsu ɗaya ba, wani kamar aci-bal-bal wani kamar fitilar filin ƙwallo, to ya za ai ka gane mai rauni ne a kusa ko ƙato ne a nesa? Wata mata a Amurka, Henrietta Leavitt, ita ta warware wannan a 1912. Ta lura akwai wasu taurari da haskensu ke ƙaruwa yana raguwa a kan ƙa'ida, kuma duk wanda ya fi daɗewa kafin ya kammala zagaye ɗaya shi ya fi ƙarfin haske na asali. Shikenan, ka ƙirga kwanakin, ka san ƙarfinsa, ka gwada da yadda ya dusashe a idonka, nisa ya fito. A 1923 Edwin Hubble ya samu irin wannan tauraron a cikin Andromeda da babban madubin hangen nesa na dutsen Wilson a Kalifoniya, lissafi ya nuna ashe ba ma a cikin majarrarmu take ba.

Amma fa kar in ɓoye maka, lissafinsa na farko bai kai shekarar haske miliyan ɗaya ba, sai a 1952 Walter Baade ya nuna taurarin nan iri biyu ne an haɗa su, aka gyara, aka yi ta gyarawa har aka zo miliyan 2.5 na yanzu. Ni abin da ya sa na yarda da su kenan ma, suna kama kuskuren juna a fili.

Kuma ba sai da na'ura ake ganinta ba. Abdurrahman as-Sufi, masanin taurari na Farisa, ya rubuta labarinta tun shekarar 964, ya ce kamar ɗan gajimare take. Wajen Oktoba ko Nuwamba ka ɗauki yaron a daren da ba farin wata, ku tsaya nesa da fitilun mahaɗɗa, wato gidan mai, ku kashe jawwal, wato waya, na minti ashirin ido ya saba da duhu. Ku dubi arewa maso gabas bayan isha'i ku nemi taurari biyar masu siffar W, daga ƙasan tsinin W ɗin ku bi da ido kaɗan za ku ga wani ɗan fari-fari kamar an shafa alli da yatsa. In ya ƙi fitowa ku ɗan kalli gefensa, ta wutsiyar ido ya fi bayyana.