Sukari da masara tare suke shiga, yaji sai an sauke tukunya

Ɗana, jiya bayan mun rufe shago ka tambaye ni dalilin da ya sa guggurun da ka yi wa ƙannenka a gida ya ƙi fitowa kamar na inji, inda mai sukarin ya yi baƙi da ɗaci, mai yajin kuma yajin ya tarkata a gindin roba. Rashin inji ba shi ne matsalarka ba. Ka saka kowane abu ne a lokacin da ba nasa ba.

Ƙwayar masarar gugguru tana da fata mai tauri wadda ba ta barin tururi ya fita, a cikinta kuma akwai danshi kimanin kashi 14 cikin 100. Idan zafi ya kai wajen digiri 180 a ma'aunin Selshiyas, tururin da ya taru a ciki sai ya fasa fatar, garin ciki ya kumbura ya yi fari. Shi kuwa sukari tun daga wajen digiri 160 yake fara yin ja, wato kafin masara ta soma fashewa shi ya riga ya kama hanyar ƙonewa, kuma abin da ke ceton sa shi ne motsi. Ɗan ƙarfen nan da ke juyawa a cikin tukunyar injinmu aikinsa ke nan, a gida kuwa hannunka ne zai maye gurbinsa.

Ka samu tukunya mai kaurin gindi da murfi, ka zuba man gyaɗa cokali huɗu, ka jefa ƙwaya uku. Idan suka fashe mai ya yi zafi, sai ka zuba masara gwangwanin madara ɗaya, ka juya ta har mai ya game ta, sannan ka bi ta da sukari cokali huɗu, ka rufe. Wuta matsakaiciya ta wadatar. Daga nan kada tukunya ta zauna. Ka riƙe ta da tsumma, kana ɗagawa kana girgizawa, domin kada sukarin ya kwanta wuri ɗaya. Da zarar ka ji ƙarar fashewa ta ragu, har kana iya ƙirga biyu ko uku tsakanin wannan da waccan, ka sauke ka juye a babban faranti nan take, domin gindin tukunya yana ci gaba da ƙona abin da ke cikinta ko da an kashe wuta. Ina zaton a nan naka ya lalace, kana jiran ƙwayar ƙarshe ta fashe. Gara ka yi asarar ƙwaya ashirin da ka yi asarar tukunya guda. Kuma ka kiyaye hannunka, narkakken sukari yana manne wa fata, ƙunarsa ta fi ta mai muni. Idan kana son na madara, sai an juye za ka barbaɗa madarar gari tun yana da ɗumi, tare da ɗan gishiri kaɗan wanda zai fito da zaƙin.

Mai yaji kuwa hanyarsa dabam ce. Barkono da citta da ƙuliƙulin da ke cikin yajin tsire ba su jure zafin da masara take buƙata, suna ƙonewa su yi ɗaci, hayaƙinsu ya sa mutanen gida tari. Saboda haka ka fasa masararka da mai kaɗai. Kafin nan ka daka yajin da gishirin su yi laushi kamar garin tuwo, ka tankaɗe da rariya, don gishiri mai tsakuwa ba ya zama a jikin gugguru. Bayan ka juye, ka yayyafa narkakken man shanu ko bota cokali ɗaya, shi ne zai riƙe yajin, sannan ka barbaɗa kaɗan-kaɗan, ka rufe roba ka girgiza. Ka ɗanɗana kafin ka ƙara gishiri, domin yawancin yajin tsire da gishirinsa da sinadarin ɗanɗanonsa yake zuwa. Ni dai na fi son wanda cittarsa ta ɗan fi barkonon fitowa, musamman da yammacin sanyi.

Yanayin Jos ma yana da nasa hannu a cikin aikin. Da hunturu masarar da aka bari a buɗaɗɗen buhu tana bushewa ta ƙi fashewa, shi ya sa idan na je kasuwar Taminus nakan sayi kaɗan in gwada kafin in ɗauki da yawa. Wadda ta bushe, ka zuba ta a kwalba da ruwa ƙaramin cokali ɗaya, ka rufe ka girgiza, ka bar ta kwana biyu ko uku. Da damina kuma, musamman Yuli da Agusta, gugguru yana saurin yin laushi, mai sukari ya fi saurin jan danshi, don haka ka bar shi ya huce sarai kafin ka ƙulle a leda.

Ranar Asabar ka sake gwadawa da rabin gwangwani, ka rage mai da sukari rabi, ka kawo mini kowanne in ɗanɗana.