Tambaya da Amsa: Sulen azurfa mai hoton jirgin ƙasa

Tambaya: Ranka ya daɗe, wani ɗan kasuwa a nan Agege ya nuna mini sulen azurfa mai hoton jirgin ƙasa, ya ce na tunawa da layin dogon Rasha ne. Gefensa ya yi baƙi. Ta yaya zan gane na gaske ne, kuma in na saya in wanke shi?

Amsa: Malam, irin wannan sule akwai shi. Layin dogon da ya ratsa Sibiriya, daga Mosko zuwa Biladibostok, ya haura kilomita 9,000, an fara gina shi a 1891, kuma Babban Bankin Rasha ya buga sulallan azurfa don tunawa da shi.

Fara da maganaɗisu. Azurfa ba ta kama shi. In ya manne, ka mayar masa da kayansa. Amma jan ƙarfe da aka yi wa ruwan azurfa ma ba ya kamawa, don haka sai ka je wurin maƙerin zinare a ɗora a sikelin giram. Nauyin ya dace da abin da ke cikin takardar shaidarsa. Idan an rubuta oza ɗaya da lamba 999, wato alamar tsantsar azurfa, giram 31.1 ne. Sai a ɗaura shi da zare a tsoma cikin kofin ruwa da ke kan sikelin, kada ya taɓa gindi: azurfa za ta ƙara wa nauyin kofin kusan giram 3, jan ƙarfe mai nauyin nan kusan 3.5. Shi ya sa jabun kan fi kauri.

Baƙin nan kuwa, kada ka taɓa shi. Farar wutar da ke cikin iska ce ta haɗu da azurfar, danshin Legas da hayaƙin janareto suna ƙara hanzarta abin. Toka, man goge baki, lemun tsami, duk suna ɓata fuskar sulen, masu tara irinsa kuma da sun ga alamar goga sai su taya shi a kuɗin azurfa kawai. Ka riƙe shi ta gefe, ka bar shi cikin kwansonsa na roba mai tauri, ka jefa ƙullin ƙwayoyin nan masu shan danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi. Robar ɗaure kuɗi kada ta kusance shi, ita ma tana baƙanta azurfa.