Yaya, ga abin da ke kai mu hawan dutse duk Asabar

Yaya barka da warhaka, ya iyali ya su Hajiya. Na ji saƙon muryar da ka turo, kana cewa wai mu Hausawan Ingila mun samu sabon aiki, mutum da digirinsa da matarsa ya goya jaka ya nufi daji ba kiwo ba farauta ba itace, ko dai sanyi ne ya taɓa mana kai. Nayi dariya sosai wallahi. Toh bari in maka bayani dalla-dalla tunda ka tambaya.

Wajen da kake gani a hotunan nan sunansa Peak District, yana tsakanin Sheffield da Manchester, kuma kusan duk wani namu dake zaune a biranen nan biyu in ya daɗe sai an ja shi ya je. Layin jirgin ƙasa ɗaya ne yake ratsa kwarin dake tsakanin tuddan, ka sauka a Hathersage ko Edale, daga tasha sai ƙafa. Kar ka ɗauka daji ne irin wanda ka sani mai itatuwa da duhuwa, a'a, tudu ne shimfiɗaɗɗe ba bishiya ko ɗaya, sai wata gajeriyar ciyawa mai ƙarfi da take yin fure ruwan hoda-hoda a watan Agusta, sai tumaki, sai iska. Iskar nan kuwa ba ta da mutunci ko kaɗan.

A gefen tudun ne ake samun dogayen gaɓoɓin dutse, wanda muka fi zuwa shine Stanage, dutse ne baƙi-baƙi mai kaushi ya miƙe kusan kilomita 6 kamar an ja layi, kana tafiya a samansa kana hango ƙauyuka da gonaki can ƙasa, wasu kuma na maƙale a jikinsa da igiya suna hawa, wannan kam mun bar musu. Abin da zai baka sha'awa shine da wannan dutsen ake sassaƙa dutsen niƙa a da, manya-manya masu huda a tsakiya, da kasuwarsu ta mutu sai masu sassaƙar suka watsar da su nan inda suke, har yau suna zube a ƙarƙashin Stanage gansakuka ta rufe su, wasu an gama su tsaf ba a samu mai saye ba. Dutsen niƙan ne ma alamar Peak District gaba ɗaya, shi zaka gani a bakin hanya in ka shigo.

Amma ainihin amsar tambayarka ba a kyan wajen take ba. Kasan a da talaka bai isa ya taka tudun nan ba? Na masu sarauta da masu kuɗi ne, sun killace shi don harbin wata tsuntsuwa dangin makwarwa, sun zuba masu gadi da sanduna, su kuwa leburorin masaƙun Manchester da maƙeran Sheffield suna shaƙar hayaƙi kwana shida a sati, ranar hutu suna hango tudu amma ba dama. Ranar 24 ga Afrilun 1932 sai matasa ɗaruruwa suka haɗu, wani yaro Benny Rothman ɗan shekara 20 yana cikin jagororinsu, suka hau wani tudu mai suna Kinder Scout da gangan, aka yi 'yar dambe da masu gadi, aka kama wasu, mutum biyar suka sha ɗauri. Ba a ranar aka buɗe wajen ba, an daɗe ana ja, sai 1951 aka mayar da yankin gandun ƙasa, shine na farko a Birtaniya, sannan a 2000 aka yi dokar da ta ba kowa damar yawo a irin waɗannan tuddan. Saboda haka in kaga tsohuwa 'yar shekara saba'in da sandunanta biyu tana haki a hawa, a wajenta haƙƙi ne da iyayenta suka ƙwato. Har cikin gonar mutum hanya take bi, da alamarta da ɗan matakalin tsallake katanga, mai gona bai isa ya hana ka ba matuƙar kana kan hanyar, kai dai ka rufe masa ƙyaure kar tumaki su fita.

Mu kuma namu dalilin daban ne. Nan ba majalisa Yaya, ba dakalin ƙofar gida da za ka zauna bayan la'asar a yi ta hira har magariba, kowa daga aiki sai ɗaki sai hita, ka yi wata baka ga ɗan'uwanka ba sai a masallacin Juma'a a tsaitsaye. Ko'ina ka je kuma sai ka biya. Tudun nan ne kaɗai za ka yini ba wanda ya tambaye ka ko sisi, ku jera ku biyar ku shida ana Hausa da ƙarfi ba maƙwabcin da zai buga bango, a yi siyasar gida a yi gulmar farashin shinkafa, yara suna gaba suna tsalle a kan duwatsu maimakon waya. Matanmu ma suna zuwa da hijabansu a ƙarƙashin rigar ruwa, kuma a gaskiya wasunsu sun fi mu juriya, mu ne masu cewa a tsaya a sha shayi.

Maganar tsaro da ka yi, na fahimce ka, wanda yake jin labarin hanyar Birnin Gwari dole gabansa ya faɗi in yaji an ce daji. Nan ba ɗan bindiga ba kura, abin tsoron yanayi ne. Kinder Scout tsayinsa mita 636 ne kawai, baƙo sai ya raina shi, amma samansa fili ne na baƙar laka, ruɓaɓɓen tsiro na dubban shekaru, duk ya tsattsage kwari-kwari masu kama da juna, ka taka inda kake zaton tudu ne ka nutse har gwiwa. Ana cikin rana tarwai sai hazo ya sauko, wanda ke gabanka taku goma baka ganinsa, waya ba sabis, batir kuma sanyi ya shanye shi. Shi yasa ake riƙe taswirar takarda da kamfas da tocila, kuma ba a zuwa da wandon jins da kambas, in ya jiƙe shikenan sanyi ya shiga ƙashi. Can gaba a Bleaklow har yanzu tarkacen wani jirgin sojan Amurka na nan warwatse, ya faɗi a 1948 cikin gajimare, duk mutum 13 dake ciki suka rasu. In mutum ya ɓata ko ya karye 999 ake kira, masu zuwa ɗaukarsa kuma 'yan sa kai ne, ba albashi, su baro aikinsu ko barcinsu su hau da gadon ɗaukar mara lafiya. Wannan abin yana burge ni har yau.

Kallo kuwa ana shan shi wani lokaci, ba zan ɓoye maka ba. A Kirsimetin 2021 ƙungiyar Muslim Hikers ta kai mutane Mam Tor, wani tudu a nan yankin, da hotuna suka fita wasu suka yi ta zagi a intanet, wasu da yawa kuma suka tsaya musu. Amma a kan hanya mafi yawansu gaisuwa ce, Baturen da a cikin gari ba zai ko kalle ka ba a kan dutse shi zai fara ce maka sannu. Matsalata ni karnuka ce, kowa da nasa, ya taho da gudu ya shinshine maka wando mai shi yana murmushi wai ai ba ya cizo.

Sallah ba ta wahala, alwala dai tun daga gida ake yinta in ba haka ba ruwan rafin nan sai ya sa ka kuka. Darduma ta leda, a laɓe bayan dutse, a ɗora jaka a gefe kar iska ta tafi da ita. A Disamba kafin ƙarfe huɗu rana ta faɗi, azahar da la'asar suna bin juna kusa-kusa, dole a fita da sassafe a sauko da wuri.

Akwai wata doguwar hanya Pennine Way da ta tashi daga Edale har cikin Scotland, sama da kilomita 400, an buɗe ta a 1965, masu yinta kan kwashe sati biyu zuwa uku. Mu dai farkonta muke ɗanɗanawa mu juyo mu kama jirgin yamma. In Allah ya kawo ka bikin yayen ɗalibai na yaron nan zan kai ka Stanage, hawansa da sauƙi, takalmi zan ara maka. Kilishi kuma kar ka ɗauko, nama ba ya shigowa, a filin jirgi za su karɓe.