Me ya sa ƙawayen amarya ke tsare ƙofa a bikin 'yan Sin?

Malama, kin tambaya ko wulaƙanta ango ake yi a bidiyon da kika gani, inda ƙawayen amarya suka garƙame ƙofa suka bar shi a waje. Wasa ne, kuma ya fi ƙarfi a kudancin Sin da Hong Kong, da Sinawan Malesiya da Singafo.

Da safe ango ke zuwa ɗaukar amarya da abokansa, 'yan mata su ce ba shiga sai an biya. Cikin jan ambulan ake tura kuɗin ta ƙasan ƙofa, ana ta ciniki. Sun fi son adadi kamar 999, don a Sinanci lafazin tara ya yi kama da "daɗewa"; 4 kuwa gudunsa ake, yana kama da "mutuwa". Sai a ba ango abu huɗu ya ɗanɗana: mai tsami, mai zaƙi, mai ɗaci, mai yaji, wai ya nuna zai jure zaman aure. Abokai dai su ke shan wuya, su ake ɗura wa barkonon.

Ko ya shiga, an ɓoye takalmin amarya, sai ya nemo ya sa mata da hannunsa kafin su miƙa wa iyaye shayi. Ni sayen bakinmu ya tuna min, sai dai namu a gidan ango ake yi, da dare.