Injin sassaƙa na CNC yana katsewa daga kwamfuta: me za a saya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi ƙaramin injin CNC, wato injin sassaƙa da kwamfuta ke sarrafawa, samfurin 3018, ina sassaƙa sunaye a jikin katako. Wani lokaci kwamfutata ba ta ganinsa sam, wani lokaci kuma aiki ya yi nisa sai ya tsaya cik, katakon ya lalace. Abokina ya ce allon lantarkin injin ne ya mutu. In sayi sabo ne, ko kwamfutar zan canja? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, riƙe kuɗinka tukuna. Allon da ya mutu ba ya aikin rabin sa'a sannan ya tsaya. Matsaloli biyu ne daban, kuma ba na jin akwai wadda ta kai ga sayen allo.

Rashin ganin injin shi ne mai sauƙi. Yawancin allunan 3018 suna magana da kwamfuta ta wani ɗan guntu mai suna CH340, wanda sai an saka wa Windows direbansa, wato 'yar manhajar da ke sa kwamfuta ta gane shi. Ka jona injin, ka buɗe Device Manager a Windows, inda ake ganin jerin na'urorin da aka jona, ka duba ko lambar COM ta fito, wato lambar kafar da kwamfuta ta ba injin. Wannan lambar za ka zaɓa a manhajar da ke tura wa injin aiki, Candle ko Universal Gcode Sender, saurin sadarwa kuma 115200 idan manhajar da ke cikin allon GRBL 1.1 ce. Manhaja ɗaya ce kawai ke iya riƙe COM a lokaci guda, don haka ka rufe sauran. Idan injin ya zo da ɗan akwatin nan mai maɓallai da ake tuƙa shi ba kwamfuta, ka cire shi, domin a alluna da yawa layi ɗaya suke bi da USB.

Tsayawa ana cikin aiki ita ce ta fi ciwo, don katako da lokaci duk sun tafi. A nan motar da ke juya bakin sassaƙa nake zargi. Mota ce mai burushi, tana tartsatsi a ciki, tartsatsin kuma yana watsa hargitsin lantarki da siririn kebul ɗin USB yake kwasa. Gwaji ɗaya zai raba gardama: ka zare wayar motar, ka ɗaga bakin sama yadda ba zai taɓa katako ba, ka sa aikin da ya saba katsewa. Idan ya kai ƙarshe lafiya, ka kama ɓarawo.

To abin saye shi ne kebul mai kyau, gajere, wanda bai wuce mita biyu ba, mai rufin kariya a ciki da ƙullin ferayit kusa da bakinsa, wato ɗan kumburin nan mai rage hargitsin lantarki. Ka nisanta shi da wayar motar, kada ka ɗaure su tare don neman tsafta. Ka jona shi kai tsaye a jikin kwamfuta. A saitin wutar Windows kuma ka hana kwamfutar barci, ka kashe zaɓin da ke dakatar da USB don tsimin wuta.

Akwai kuma batun wutarmu. Shaguna da yawa ba su da wayar ƙasa, wato earth, janareto kuwa yakan yi sama ya yi ƙasa. Gwada zare cajar laftof ka yi aiki da batir. Idan hakan ya gyara, ka sayi 'yar na'urar da ake kira USB isolator, mai hana wutar kwamfuta da ta inji haɗuwa ta USB, ka kuma kira mai gyaran wuta ya kafa maka wayar ƙasa. Sai idan ka gwada wani kebul da wata kwamfuta da direba a kanta, COM bai fito ba, sannan zan yarda ka sayi allo.

Tambaya: An ba ni tsohon injin CNC mai aiki da manhajar Mach3 ta babbar kafar firinta ta da. Laftof ɗina ba ta da irinta. In sayi kebul mai maida USB zuwa wannan kafa? Daga wata mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Malama, kada ki saya. Don firinta aka yi shi, ba ya iya fitar da bugun lantarki a daidai lokacin da motocin injin suke buƙata. Ko dai ki nemi tsohuwar kwamfutar tebur mai wannan kafa da Windows mai bit 32, ko ki sayi na'urar sarrafa motsi irin UC100. A ido tana kama da wancan kebul, amma tana da ƙwaƙwalwarta. Ki saya wurin dillalin da kika amince da shi, domin jabunta ya yi yawa.