Sankarar jini ta CML: ana gadonta, kuma za a iya ajiye maganin?

Tambaya: Likita, an gano maigidana yana da sankarar jini da ake kira CML, takardar gwajin ta nuna "BCR-ABL". Shin yaranmu za su gada? Kuma ga shi ya samu sauƙi, kumburin saifarsa ya sace, har ya fara cewa zai ajiye maganin.

Amsa: Allah ya ba shi lafiya, 'yar'uwa. Game da yara, ki kwantar da hankalinki. Ba a gadon wannan cuta. Matsalar tana faruwa ne a cikin ƙwayar halitta guda ta ɓargon ƙashi bayan an haifi mutum, ba ta cikin maniyyi ko ƙwan mace.

Ga abin da ke faruwa. A kan kromosom na 9 (kromosom su ne zaren da ke ɗauke da ƙwayoyin gado a cikin ƙwayar halitta) akwai ƙwayar gado mai suna ABL1, wadda ke ƙera wani furotin na dangin kainez. Aikinsa shi ne liƙa fosfet a jikin wasu furotin, wato isar da saƙon "ki rabu, ki ƙaru" ga ƙwayar halitta, sannan ya yi shiru idan an gama. A CML, guntun kromosom na 9 da na 22 sukan karye su yi musanya, sai ABL1 ta manne da wata ƙwayar gado, BCR, wannan haɗin shi ne "BCR-ABL" da kika gani a takardar. Furotin da wannan haɗi ke haifarwa kamar makunnin lantarki ne da ya maƙale a kunne. Fararen ƙwayoyin jini sai su yi ta yawaita, saifa ta kumbura, ga kasala da zufar dare. Shi ya sa a nan wajenmu mutum kan daɗe yana shan maganin zazzaɓin cizon sauro kafin a duba jininsa da kyau.

Peter Nowell da David Hungerford ne suka fara ganin gajeren kromosom na 22 da wannan musanya ke haifarwa a 1960 a birnin Filadelfiya na Amurka, Janet Rowley kuma ta nuna musanya ce a 1973. Maganin imatinib, da ake sayarwa da sunan Glivec, ya samu izini a Amurka a 2001. Yana toshe gurbin da kainez ɗin ke karɓar makamashinsa, sai saƙon ya tsaya.

To amma dannewa yake yi, ba lallai ya ƙarar da ƙwayoyin cutar ba. Nan ne nake roƙonki ki tsaya tsayin daka. Jin sauƙi ba shaida ba ce. Shaidar ita ce gwajin PCR da ke auna yawan BCR-ABL a jini, lokaci bayan lokaci. Tsallake shan ƙwayar magani kan rage ƙarfin maganin a kan cutar, kuma kainez ɗin na iya sauya kama ya bijire. Akwai sauyin T315I da imatinib ba ya kama shi, sai an koma ga wani magani irin ponatinib. Wasu majinyata kan daina sha, amma bayan shekaru gwajinsu na nuna ƙwayoyin cutar sun yi ƙasa ƙwarai, kuma likitan jini na bin su da gwaji akai-akai. Maigidanki ya riƙa haɗiyar ƙwayar kullum da abinci da ruwa cikakken kofi, idan tashin zuciya ko kumburin fatar ido ya dame shi ya kai wa likitansa kuka kafin ya taɓa adadin.